Abin da Ya Sa Na Kulle Maganinka

Daga Matameye
Zuwa ga ɗana Mutari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ku Kano lami lafiya kai da abokan tafiyarka, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na ƙarfe da na mutum. Na ce wa innarka ta cusa ta can ƙasan jakarka, ƙarƙashin ɗan akwatin kwanon nan mai kwaɗo, don kada ka gan ta sai kun wuce iyakar Ɗan Barto. Na san za ka yi mamaki, uban da kuke gida ɗaya ya rubuto maka wasiƙa a ranar cin raninka na farko. Akwai maganar da bakina ya kasa faɗa maka ido da ido, shi ya sa na koma ga ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci. Kwana huɗu ke nan ina rubutun, don ka san yatsuna ba su yarda su riƙe alƙalami sai rana ta ɗaga. In ka ga layi ya karkace, ka yi haƙuri da shi.

Ka tuna ranar da muka je Damagaram? Ka yi watanni kana fama da cikin nan, kana zaga bayan gida ba adadi, jini da majina, har wando ya daina zama a ƙugunka. Mun ɗauka atuni ne, mun ɗura maka jiƙo iri-iri a banza. Likita ya ce kumburi ne a babban hanji, ciwon da lallaɓa shi ake yi. Ya rubuta takardar magani muka nufi farmasi. Da aka ɗora kwalin a kan tebur, gabana ya faɗi. Sulfasalazin ne, ƙwayar nan mai ruwan ɗorawa da nake sha saboda gaɓɓaina tun kana ƙarami. Har na koma na ce wa likita ko kuskure aka yi, yaron nan ciki ke damunsa, ba gwiwa ba. Ya ce, "Ba kuskure, Baba. Naka kumburi ne a gaɓɓai, nasa a hanji, ƙwayar kuma tana kwantar da duka biyun." A mota sau biyu kana tambayata abin da ya same ni, na ce maka rana ce ta buge ni. Ƙarya na yi maka.

Bari in fara da ƙananan wautata, ko na samu ƙarfin faɗin babbar.

Lokacin da ciwon ya fara mini, kowane rani ina Kano ina tura baron rake. Mai rake kuwa da wuyan hannunsa yake cin abinci, ga fira ga sara tun safe har yamma. Sai na riƙa tashi yatsuna a kumbure, a sandare, wuƙa tana suɓuce mini gaban mai saye. Da na dawo gida, majo, wato babban ma'aikacin lafiya na asibitinmu, ya tura ni Damagaram, aka ɗora ni a kan ƙwayar. Kwana biyu da farawa na ga fitsarina ya koma kamar an dama garin ɗorawa a ciki. Nan take na yanke wa kaina hukunci, ciwon shawara ne. Ban tambayi kowa ba, na ajiye maganin, na hau jaki zuwa Yauri ta nan kusa da mu wurin wani mai saiwa. Mako guda ina shan ɗaci, innarka tana yi mini miya ba mai ba nama, ina ta yi mata wasiyya a kan gona. Ranar kasuwa muka yi kiciɓis da majo. Ya ce, "Isuhu, ya ƙwayar?" Na zayyana masa. A gaban masu albasa ya kama fatar idona ya ja ƙasa, ya ce, "Idonka fari tas. Ba a gaya maka tana rina fitsari ba?" Na ce, "An gaya mini, majo, amma a lokacin hankalina na kan motar komawa." Masu albasa suka yi ta dariya, har yau akwai wanda ke tambayata ya shawara.

Don haka in ka ga launin fitsarinka ya sauya, kada ka tsorata, aikin ƙwayar ne. Farin idonka za ka riƙa dubawa. Kada ka sha ta da ciki wayam, ko ƙosai ne ka fara sa wa bakinka. Ka haɗiye ta ɗungurungum, kada ka tauna, ka bi ta da ruwa mai yawa. Ka ɗaura bido, 'yar jarkar ruwa, a jikin baronka ka riƙa kurɓa, don zafin ranar Kano ba ya tambayar ko kana jin ƙishirwa.

Ta biyu gaggawa ce. Likita ya faɗa mini sarai cewa gaɓɓai sai an yi wata biyu ko uku kafin su ji daɗin maganin. Na ce to, amma kunnena ne kaɗai ya ji. Da na koma Kano na ƙara kwanaki ban ga wani sauyi ba, sai na ce wannan ai garin masara aka dunƙule mini. A bakin tasha akwai masu yawo da magani a faranti, irin na sha-yanzu-magani-yanzu. Na sayi na ciwon jiki na riƙa watsawa safe da yamma a kan ruwan shayi. Wallahi hannu ya saki, ina firar rake ina yi wa likita dariya a zuciyata. Ba a daɗe ba ƙirjina ya kama zafi, bayan gida ya koma baƙi ƙirin, wata rana da azahar jiri ya yar da ni a gefen baro. A asibiti aka ce cikina ne ke zubar da jini. Ni da hanjina ke lafiya lau ke nan. Kai naka da ma a ƙuje yake, kuma a gabana likita ya ce irin waɗannan ƙwayoyin na ciwon jiki suna iya tayar maka da ciwon. Turin baro zai sa bayanka ya ƙage, babu makawa. In ya dame ka, ka je wurin ma'aikacin lafiya da karnenka, wato katinka na asibiti, ka nuna masa abin da kake sha, shi ya zaɓa maka.

Ta uku ita ce ta ƙoshi. Wata damina na ji garau, na ce na warke, na bar sha. Awon jinin da aka ce in riƙa zuwa ma na daina, wai jinin da nake tarawa da ƙyar ba zan kai a zuƙe a kwalba ba. Kafin a ɗaure damman gero ciwon ya dawo da ƙarfinsa, kuma tun daga shekarar ƙaramin yatsana na dama ya lanƙwashe bai sake miƙewa ba. Daga baya na gane awon nan ba don a wahalar da mutum ba ne. Ƙwayar tana iya taɓa jini ko hanta a ɓoye, mutum yana yawonsa, awon ne ke tona ta da wuri. An rubuta maka ranakun awonka a karne, ko ana ruwan ciniki ka ajiye baro ka je. In cikinka ya lafa, ka gode wa Allah ka ci gaba da sha har likita ya ce wani abu. In ka manta na safe, kada ka ninka na yamma. In ta kusa ƙarewa, ka tafi da kwalin kansa da takardar likita, don takardarka da Faransanci take, su kuma can ba shi suke karantawa ba. Kada ka taɓa cewa a ba ka mai ruwan ɗorawa, ƙwayoyi masu wannan launi sun fi a ƙirga. In azumi ya riske ka a can, ka buga wa likitanka waya kafin ka sauya lokutan sha.

Akwai kuma wata 'yar magana da zan rubuta da sauri in wuce. Ƙwayar tana rage wa namiji ƙarfin iri muddin yana shanta, yana kuma dawowa in likita ya sauya magani. In lokacin aurenka ya zo ka yi masa maganar. Ni kunya ta hana ni tambaya, ka dai ga tazarar da ke tsakaninka da ƙanwarka.

To, yanzu akwatin.

Ɗakin da za ka sauka shi ne wanda na yi shekaru ina sauka, zauren da wani dattijo ya bar wa 'yan Matameye. Ka sha jin labarinsa a bakina, kuma abin da na faɗa maka gaskiya ne. A ɗakin nan ba a kulle jaka. Kwano ɗaya ake ci, sabulu ɗaya ake wanka da shi, wanda zai je wurin da ake kallon mutum sai ya ɗauki rigar da ta fi kyau a ɗakin ko ta wace ce. Wani mutumin Dawce ya taɓa sa wa jakarsa kwaɗo, tun ranar sunansa ya ɓace, Mai Kwaɗo ake ce masa, 'ya'yansa ma sun gaji sunan. Ni na fi kowa yi masa dariya. Ina son al'adar nan har yau, ita ta riƙe mu a garin da ba mu da uwa ba mu da uba.

Shekarar da na nutsu na bi maganin yadda aka ce, hannuna suka saki sosai. 'Yan ɗaki da suka saba ɓalla mini maɓallin riga da safe suka ga ina fira kamar saurayi. Suka raɗa wa ƙwayar suna, ɗorawar Isuhu. A cikinmu akwai Sale, wanda kuke ce wa Baba Sale, uban abokinka Lawali. Kai a makaho ka san shi. Ni na san shi yana hango motar gida tun daga nesa ya faɗa mana ko wane direba ne. Tare muka yi makarantar allo, gonakinmu suna jingine da juna a hanyar Tsauni. Shi ga-ruwa yake yi a Kano, yana tura kura cike da jarkoki, har gwiwa ta fara damunsa.

Wata safiya muna shan koko ya ce, "Isuhu, ɗan sam mini ɗorawar nan taka mana. Gwiwar nan za ta kai ni ƙasa."

Ban yi ko tunani ba, Mutari. Daɗi ma na ji. Na ɓallo masa daga cikin nawa, na gyara zama kamar wani babban likita, ina ce masa bayan abinci, ruwa da yawa, fitsari zai sauya kada ka tsorata. Duk na karanta masa, sai abu guda, tambayar farko da likita ya yi mini kafin ya ɗauki alƙalami: ko wani magani ya taɓa fesa maka ƙuraje ko ya kumbura maka baki? Kuma na san amsar Sale. Muna samari an taɓa ba shi farar ƙwayar nan ta tari da gudawa, kotirim, leɓɓansa suka kumbura suntum, muka yi mako muna tsokanarsa. Ashe ita da ɗorawata dangi ɗaya ne. Ni ban sani ba, likita ya sani, shi ya sa yake tambaya.

Kwana huɗu da farawa ya tashi da masassara, ido jajur, maƙogwaro yana ciwo. Muka ce sauro ne. Ya riƙo ƙwayar a tafin hannu ya ce, "In ci gaba kuwa?" Na ce, "Ci gaba, ni ma da farko sai da ta ɗan wahalar da ni." Wannan maganar ce na fi kwana da ita na fi tashi da ita a duniya. Bayan kwana biyu leɓɓansa suka farfashe, jikinsa ya yi bororo kamar an watsa masa ruwan zafi. Da muka zo ɗaga shi, fatar bayansa ta tsaya a jikin tabarma. A tabarmar muka ɗauke shi zuwa asibiti.

Likitar mace ce. Tana ganinsa ta ce me ya sha. Na zaro ragowar ƙwayar daga aljihu na ajiye mata. Ta duba sunan, ta ɗago ta ce, "Wa ya ba shi wannan?" Ina tsaye, bakina ya mutu. Tsoro ne, ba wani abu ba. Sai na ji Sale, da bakin da ko ruwa ba ya shiga, ya ce, "Ni na saya a tasha." Ta yi ta yi masa faɗa yana kwance, ni kuma ina tsaye ina ji, ban ce uffan ba. Ya yi makonni a gadon nan tsakanin rai da mutuwa. Fata ta dawo, baki ya warke, amma ciwon ya ci idanunsa. Tun daga lokacin haske da duhu kaɗai yake bambantawa.

A motar dawowa gida ya lalubo hannuna ya ce, "Isuhu, ka yi mini alkawari ba za ka gaya wa kowa ba. Ni na roƙa, kai kuma da alheri ka ba ni. In mutane suka ji, 'ya'yanmu ba za su ci kwano ɗaya ba." Na yi masa alkawarin ina kuka. Duk garin nan, har innarka, abin da suka sani shi ne wani ciwo ya kama Sale a Kano.

Yanzu ka san abin da ya sa kowace damina sai mun nome gonarsa kafin mu taɓa tamu, da abin da ya sa ni ke jan sandarsa zuwa masallacin Juma'a. Ka tuna shekarar da ka yar da hauya a tsakiyar gonarsa ka ce, "Baba, wai mu barorinsu ne?" Na mare ka, marin da ban taɓa yi maka ba kuma ban sake ba. Ba laifinka ba ne, tambaya ce mai kyau, ni ne ba ni da bakin amsawa. Ka yafe mini wannan marin.

Makon jiya na sami Sale a ƙofar gidansa yana tufkar igiya. Tun kafin in yi sallama ya ce, "Isuhu, yau tafiyarka da nauyi." Na zauna na ce masa likita ya ɗora Mutari a kan ɗorawa. Hannunsa ya tsaya cak a kan kabar.

"Kuma da Lawali za su tafi," ya ce.

Na ce, "Da shi."

"Ɗaki ɗaya."

"Ɗaki ɗaya."

Ya ce, "Yaron nan nawa ya gaji gwiwata, tun bara yake ƙorafi. Na ce masa kada ya sha maganin kowa, ya ce mini to, irin to ɗin da muka riƙa ce wa namu iyayen. Naka kuma ya gaji sakin hannunka, bai iya cewa a'a ba." Ya ci gaba da tufkarsa, sannan ya ce, "Na sake ka daga alkawarin nan. Ka gaya wa Mutari duka. Lawali kuwa ku bar mini shi, in sun dawo ni zan faɗa masa da bakina. Gidana ya ba da ido biyu, Isuhu, sun isa."

Daga nan ban zarce ko'ina ba sai wurin maƙeri, na sa ya yi akwatin nan, na zuba maganinka a ciki na kulle. Makullin yana cikin ambulan ɗin nan, innarka ta zura masa zare, ka rataya a wuya. Ban sani ba ko jikin Lawali irin na ubansa ne, kai ma ba ka sani ba, kuma ba ni son a gwada. Za su yi maka dariya, na sani. Wataƙila kafin mako ya zagayo ka zama Mai Kwaɗo, a ce ɗan Isuhu ne ya zo da abin da ubansa ya fi kowa kushewa. Ka yi dariya tare da su. Ka ba su rigarka, ka ba su abincinka, wanda ya kwanta ciwo ka tura masa baronsa. Wannan akwatin kaɗai na hana ka buɗe wa kowa.

Kai ma ka kula da kanka. Ranar da ka ji masassara da ciwon maƙogwaro, ko ƙuraje suka feso maka, ko bakinka ya fara yin miki, ko farin idonka ya sauya, ko ka ga jini ya kwanta a fatarka ba ka bugu ba, ka dakatar da ƙwayar ka tafi asibiti a ranar da kwalinka a hannu. In wani a ɗakin ya ce maka ci gaba, ba komai, ka tuna ubanka ne ya taɓa faɗin haka.

Na san Lawali ne zai fara roƙonka, don tun kuna yara ba ka taɓa hana shi komai ba. Zai ce haba Mutari, guda ɗaya tak. A ranar ka ajiye baro, ka ce masa tashi mu je asibiti, ka zauna da shi a layi ko zai cinye muku yinin. In ya yi fushi ka bar shi ya yi, fushi yana wucewa. Ni shekara goma sha biyar ke nan ina jan ubansa a hanya, kai yini ɗaya nake roƙonka.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya sa maganin ya karɓe ka, Ya yi wa nemanka albarka, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Ka riƙe salla, ka riƙa kiran innarka, tana gaishe ka ita da ƙannenka. Ka gaishe da 'yan ɗaki, ka gaishe mini da Lawali. In Allah Ya kai mu faɗuwar ruwa, ni da Sale za mu zo tasha taryarku. Shi ba zai gan ku ba, ni zai tambaya ko kun sauko. Allah Ya sa in ce masa ga su nan su biyu, Lawali ne ma ya fara hango mu.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isuhu mai rake